Jan Fenti a Bangonmu

Litinin, 2 ga Yuni
Wasu ma'aikata sun zo suna awo a bakin titi. Suka shafa jan fenti a bangonmu da na mai shayi, har ƙarshen layi. Na bar wankin mutane a baho na fita, na ce wa ɗayansu, "Malam, lafiya?" Ko kallona bai yi ba, wai daga sama aka turo su. Kowa a unguwar nan ya san jan fenti rusau ne. Ni ba ta kaina nake ba, ta Inna nake, surukata, wadda ko banɗaki sai an ɗauke ta. Ina za mu kai ta?

Talata, 3 ga Yuni
Mazan layi sun je gidan kansila. Maigadi ya ce yana taro. Suka yi ta zaman jira a rana, ashe ta ƙofar baya ya sulale. Mutumin da lokacin zaɓe har kan tabarmar Inna ya zauna yana ce mata "uwata".

Alhamis, 5 ga Yuni
Mai shayi ya ce shi an taɓa rushe su a tsohuwar unguwarsu. Katafila ba ta sallama, wanda bai cire kwanon rufinsa ba da shi ake niƙewa. Shi ke nan kowa ya hau sama da guduma. Maigida ya cire kwanonmu, ya ɓalle ƙofa da taga, muka jingine a bayan gida. Da hannunmu muka tsiraita ɗakin. Inna tana kwance tana kallon gajimare, ta ce, "Yau kuma iska aka ce in sha?" Na yi dariya, na juya baya na share hawaye.

Juma'a, 6 ga Yuni
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Leda muka riƙe a kan Inna ni da maigida har hannuna ya mutu. Kayan da na goge duk sun jiƙe. Tari ya kama ta.

Lahadi, 8 ga Yuni
Shiru. Jiran nan ya fi rusau ɗin cin rai.

Litinin, 9 ga Yuni
Da hantsi muka ji ƙarar babbar mota. Na goya Inna na fito. Sai ga lori maƙare da katako da sabon kwano fal, yana walƙiya. Suka fara haƙa rami daidai inda jan fentin yake.
Maigida ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a rushe?"
Shugaban aikin ya dube mu, ya dubi gidajen da ba rufi, ya ce, "Wa ya ce za a rushe? Shinge za mu yi. Manya za su wuce da baƙi ranar Asabar, ba a so a ga nan."
Wallahi sai na zauna a ƙasa da Inna a bayana. Alhamdulillahi na yi ta faɗa, ban san iyaka ba. Matan layi suka yi wa mai shayi caa, shi kuma yana ta rantsuwa cewa a wancan karon haka fentin yake. Inna ta ce, "To ku mayar mini da rufina, sarakan gaggawa."
Ashe ba korar mu za a yi ba, ɓoye mu kawai za a yi. Ban taɓa zaton zan yi murna da irin wannan ba, amma na yi.

Laraba, 11 ga Yuni
Rufi ya koma. Kafofin ƙusa ba su dace da na da ba, yana ɗiga ta kusurwa, na tara bokiti. Kwanon shingen ya fi na kanmu kyau nesa ba kusa ba. Tarin Inna ya yi sauƙi, har ta nemi ƙarin abinci.

Asabar, 14 ga Yuni
Sun wuce. Matar mai shayi ta sami wata kafa a jikin shingen, tana ta kirana in zo in leƙa motoci. Da a da ne, ni ce a gaba, ina tafi har hannu ya yi ja. Ban tashi ba. Ina jin guga ce ta yi mini yawa. Jiniyarsu ta zo ta wuce, Inna tana barci a ɗakinta, ko motsi ba ta yi ba.