Muryar Baba Tana Cikin Tsohuwar Laftof

Daga ofishin Babban Daraktan Kwamfutoci na Arewa baki ɗaya, zuwa ga Malam Bello, duk inda yake cikin duniya. Assalamu alaikum, tare da fatan kana lafiya.

Mun rubuto ne a fili, inda kowa zai gani, tunda lambarka ta daina shiga tun da ka tafi haƙar zinari. Ofishinmu ba ya rubuta wa ƙananan mutane, saboda haka ka gyara zama.

Magana ce kan laftof ɗin da ka bari gida. Waccan baƙar, mai tsagaggen murfi, da ka ɗaure da salatif. Ta fara wani ƙara daga ciki, ƙas-ƙas, kamar ɓera cikin rumbu. Mai gyara na Wurno ya kara kunne ya ce had-dis ɗinta, wato ma'ajiyar da ke cikinta, na mutuwa. Tana iya tashi gobe, tana iya ƙin tashi har abada. Ya ce a sawo had-dis na waje, a jona, a kwashe abin ciki tun da sauran numfashi.

Ka san mi ke ciki. Ranar ciran albasa, bakin kwatar ruwan da ta fito daga dam, ka ɗauki Baba hoto mai motsi. Wando naɗe har gwiwa, yana yi maka faɗa ka aje madubin nan ka kama buhu. Sai jaki ya yi kuka daidai bakin maganarshi, ya tuntsire da dariya. Ita ke nan muryarshi da ta rage mana. Wayar da ka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa ruwa.

Ranar da munka baro ƙauye da gudu, Inna ta bar tukwanenta na aure, amma ta goyo laftof ɗin nan da zane kamar jariri. Duk Juma'a bayan la'asar sai an kunna mata. Tana ma amsa mashi faɗan.

To na tafi kasuwar Goronyo. Wato, ofishinmu ya aika wakili. Mai shago ya jera mini kala-kala, duk kwalayen da Turanci, ni ko allo na sani. Ya ce wagga giga ɗari biyar, waccan tera guda. Na gyaɗa kai kamar na gane. Sai na yi yadda Baba ya koya mana zaɓen albasa: na ɗora kowace kan tafi, na ɗauki wadda ta fi nauyi.

Ashe mai nauyin nan sai an jona ta da wutar bango ta kanta. Gidan da muke haya ko sandar wuta babu a layin. Laftof ɗin ma asibiti nika kai ta, Malama Rahila mai jinya ta sa mana caji da hasken rana.

Na mayar, na amso maras nauyi. Bakin wayarta siriri irin na sabbin wayoyi, kafofin laftof ɗinka kuwa masu faɗi ne, ɗaya ma ta mutu. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na yi bisimilla, ba ta shiga ba.

Yanzu mai gyara ya ƙara tsorata ni. Wai akwai jabu, masu nuna sun haɗiye komi, in ka buɗe daga baya wayam. Wai kuma wata sabuwar, tsohuwar laftof ba ta gane ta sai an wanke ta, wato an goge cikinta kaf, tukun. Na tambayi Malama Rahila, ta karanta kwalin tsaf, ta ce ita allura ta sani.

Kai ne ka san wagga harka. Kai da kake cewa kada in taɓa ta da hannun miya. Wace zan ɗauka? Mai faifan da ke juyi a ciki ko maras juyi? Babba ko ƙarama? Kuma in ana cikin kwashewa laftof ɗin ta ɗauke, shi ke nan?

Ban ƙara kunna ta ba, don kowace kunnawa ina jin kamar ina rage mata kwana. Juma'ar da ta wuce na ce wa Inna babu caji. Sai ta shafa murfin ta mayar cikin zane. Jibi Juma'a kuma.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinshi. Allah ya tsare ka cikin ramukan nan, ya kai idonka ga wannan rubutu. Wanda ya san inda kake, ya taimaka ya nuna maka.

Yaya, babu wani Darakta. Ni ne, wanda ya sa maka kwaɗo cikin takalmi ranar Salla. Na ga in na sa sunana za ka ce wani shirmen ne ka wuce. Wallahi wannan karon ba wasa nike ba. Ko kalma guda ce ka aiko. In ma ba ka san amsar ba, ka kira, Inna ta ji taka muryar.

Ƙaninka,
Sanusi