Sandar Kurket Ɗin Baba

Daren Lahadi, Yuli 1991, Morrisania

Na gaji liƙis, amma barci ya ƙi zuwa. Yau na tashi da wuri daga teburin sana'ata na titin Fordham Road, na leƙa filin Van Cortlandt, na tarar da 'yan Jamaika suna wasan ƙwallon kurket. Wani dattijonsu ya ga na ƙi tafiya, ya miƙo mini sandar bugu.

Ina karɓa na kai ta hanci. Suka fashe da dariya.

"Ɗan'uwa, ci za ka yi ko bugawa?" in ji dattijon.

Me zan ce masa? Sandar Baba na tuna, wadda Baturen da yake yi wa awon gyaɗa a Kano ya bar masa. Baturen ɗan kasuwa ne, wasan kuwa sha'awa ce kawai. Man da Turawa ke shafa wa sanda babu shi a wurinmu, sai Baba ya riƙa mulke ta da man gyaɗa yana cewa, "Sani, riƙe mini nan."

Na buga, har sun tafa mini. Amma tasu ba ta ƙamshin gidanmu. Ta Baba kuwa ban san hannun wa ta faɗa ba. Ina nan ƙasar waje ina sayar da huluna ya rasu, aka raba kayansa.