Igiyar da Dikko Ya Jefa Maka a Wuya

Zuwa ga wana, Malam Garba ɗan Nagode, a duk garin da Allah ya ajiye shi.

Assalamu alaikum. Gaisuwar girmamawa daga ƙanwarka Kulu, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalin da nake kyautata zaton Allah ya ba ka, ko da yake ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Wasiƙun da na aika makarantar da aka ce kana koyarwa a Jos sun dawo mini ba a buɗe ba, shi ya sa na ba da wannan a buga a jarida. Na san halinka, ko ƙosai aka ƙunsa maka a jarida sai ka karanta ta kafin ka ci. Sauran jama'a da za su karanta tare da kai su yi haƙuri. Maganar gida ce, rashin hanya ya fito da ita waje.

Yaya, Dikko ba shi da lafiya. Mijina, ɗan kawunmu, taubashinka. Tun bayan Sallar layya ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, abinci ba ya zama masa. Likita ya sallame mu, ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a, kai ma ka san abin da wannan ke nufi. Dalilin wasiƙata ke nan, amma ba zan roƙe ka komai ba sai na faɗi yadda na ga abin da ya raba ku. Shekara ashirin da ɗoriya ina tsakaninku, babu wanda ya taɓa tambayata.

Ka tuna tasowarku a gidan Kawu, cikin rundawa, unguwar masu sana'ar fawa. Ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Tare kuke kora shanu mahauta da asuba, tare kuke shan duka in an rasa wuƙa. Kai ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka a wasan taubasai kai ne bawa, shi ne ubangida. Haka aka gada, haka ake yi a kowane gida na Sakkwato, babu mai ganin komai a ciki.

Ranar cika-ciki ita ce ranarku. Ya ɗauko igiyar shanu ya jefa maka a wuya, ya ja ka ƙofa ƙofa yana cigiyar mai sayen bawa. Kai kuma ka langaɓe kai, ka ɗauki tsintsiya ka share ƙofar gidansu, ka ƙi tashi sai ya biya ka kuɗin shara ya haɗa maka da hanta. Kai ma ba ka raga masa. Kai ka sa masa suna angon ungulu, har yau tsofaffin unguwa da shi suke kiransa. Shekarar da ka tsoma hularsa ta Salla cikin kwaryar jini, Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya. Da an fito da igiya, Baba zai naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki. Ina yarinya na ɗauka hayaniya ce ba ya so. Sai da na yi hankali na haɗa abin da kaina: zanen fuskarsa da ba irin na kowa ba, da rashin dangi ko ɗaya ta wajensa, da sunan nan Nagode wanda ba uba ne ya raɗa masa ba. An kawo shi garin nan yana yaro, kafin zuwan Turawa, da igiya ta gaske. Ya sami kansa, ya yi wa kakanmu aiki da amana har aka ba shi Inna. Duk unguwa an sani, kuma duk unguwa an yi masa mutuncin yin shiru har ya koma ga Allah.

Daga nan boko ya ɗauke ka. Ka dawo malamin elemantare, da farar riga da alƙalami a aljihu. Ba na manta dawowarka hutu, kana zana mini baƙaƙe a ƙasa da tsinke a bayan rumbu, don kada Kawu ya gani ya ce za ka lalata masa matar ɗa. Da wannan karatun nake rubuta maka yau.

Garin ma ya fara sakewa a lokacin. Ana ta taron jam'iyyu, ana zancen zaɓe, ana cewa Bature zai tafi. Samari na taruwa gindin rediyo suna gardama a kan wane ne ɗa, wane ne talaka, wa ya fi wani. Kalmomin da da ake jefa wa mutum ya yi dariya sai suka koma abin faɗa. Na ga wanzami ya ajiye aska ya tashi saboda an kira shi da abin da aka kira ubansa shekara da shekaru. Manya suka ce yaran zamani ba su da ƙashin wasa. Yaran suka ce da ma can abin yana yi musu ciwo, bakin faɗa ne ba su da shi.

Kai ba ka yi gardama da kowa ba. Ka zo gidana, shekara guda kafin abin ya faru, ka zauna bakin ƙofar ɗaki ka ce, "Kulu, hwaɗa ma mijinki wasan igiya ya isa. Shi kira ni abin da yag ga dama cikin gida, amma ban da igiya, ban da kasuwa." Na isar da saƙonka a daren, ban rage ko kalma ba. Dikko ya yi dariya ya ce boko ya sa maka girman kai, wanda ya ƙi wasan taubashi ya ƙi zumunci. Ya ce da kai da shi sai mutuwa, to wasan ma sai mutuwa. Wallahi, Yaya, da ƙauna ya faɗe ta. Shi a wurinsa igiyar nan ita ce shaidar cewa malamin makaranta bai fi ƙarfin barunje mai fawa ba, har yanzu nasa ne.

Sai cika-ciki ta shekarar samun 'yancin kai, da damina. Ni ina cikin gida, ban gani da idona ba, amma kafin azahar labarin ya iso mini ta baki uku, kuma bai saɓa ba. Ka biyo ta gefen kasuwa da 'yan makarantarka a layi, za ku fili koyon macin bikin da ake shiri. Alhaji Buhari mai fata yana tsaye wajen rundawa yana duba fatu, wanda aka riga aka kai wa gaisuwar neman 'yarsa Ige dominka. Dikko ya fito daga bayan teburin nama ya jefa maka igiya a gaban yaran.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila ka haɗiye. Amma ya ga ba ka langaɓe kai ba, ya ga mutane sun zuba ido suna jira, shi kuma mutum ne da ba ya iya barin wasa ya mutu a hannunsa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Wa ka sayen bawa? Wanga na gado na, ubanai ma sayo shi anka yi."

An ce 'yan kaɗan sun yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai. An ce ka sa hannu ka cire igiyar a hankali, ka naɗe ta, ka miƙa masa ka ce, "Riƙe igiyakka, Dikko, ta shanu ta." Ka juya ka tafi da yaranka.

Ya shigo gida yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na ajiye masa tuwo na juya. Ubana ya sa a kasuwa, Yaya, ba naka kai kaɗai ba. Na yi wata ban haɗa ido da shi ba.

Alhaji Buhari ya san asalin Baba tun farko, wa bai sani ba? Muddin ba a faɗa ba, yana iya ba ka 'yarsa ya ce malamin makaranta ya ba. Da aka faɗa a tsakiyar kasuwa, danginsa suka taso masa, aka maido kayan gaisuwa. Magana zarar bunu ce. Yaran makaranta kuma yara ne, na ji har allo sun zana maka mutum da igiya a wuya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaman da aka yi a zauren Kawu. Na ɗauka Dikko za a yi wa faɗa, ashe kai aka tara wa. Dattawa suka ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa kai ƙarar taubashi ba, mai fushi da wasa shi ne mai abin kunya. Aka ce ka ba shi hannu. Inna na bayan zana tana kuka, ɗan wanta a gefe, ɗan cikinta a gefe. Ka ba shi hannun don girman Kawu, ka fita, ka nemi a sauya maka gari. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta kowa na fili ana kiɗa, mu muna gida muna ɗaure maka kaya.

Yanzu bari in faɗi naka, don ni ba na tsoronka kamar da. An cuce ka, ban taɓa musun wannan ba. Amma horon da ka yi bai tsaya kan mai laifi ba. Inna ba ta riƙe igiya ba, ni ma ban riƙe ba. Wasiƙa biyu, uku, sai shiru. Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe tana tambayar direbobin manyan motoci ko sun gan ka. Muka binne ta ba ka sani ba, ko kuwa ka sani ba ka zo ba, ban san wanda ya fi mini sauƙi in gaskata ba. Na ji haushinka ƙwarai, kuma ban daina kewarka ba ko rana ɗaya.

Shi kuwa Dikko ya daɗe bisa bakansa. Duk wanda ya tayar da maganar sai ya ce wasa ne, ya kawo gidaje goma da ake yin irinsa ba a rabu ba. Har ranar da babban ɗanmu Bello ya dawo daga makaranta da riga a yage da baki a fashe. Wani yaro ya kira shi jikan bawa, ya ce a kasuwa ubansa ya ji, daga bakin uban Bello kansa. Bello ya tsaya gaban Dikko ya tambaye shi ko gaskiya ne shi ya faɗa. Dikko ya kasa cin abinci, ya fita bai ce inda za shi ba. Daga baya na ji maƙabarta ya tafi, wajen kabarin Baba.

Tun daga lokacin bai sake yi wa kowa wasan taubashi ba, mutumin da a da ko liman bai tsira daga bakinsa ba. In cika-ciki ta zo sai ya ƙi fita kasuwa. 'Ya'yanmu sun tashi ba su san wasan ba. Gaskiya wani lokaci ina tausaya musu, don suna gaisawa da taubasansu kamar baƙi, babu mai tsoma hular wani a jini. Akwai daɗi a cikin abin nan da muka rasa, ba zan ɓoye ba. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin wannan daɗin da Baba ya zauna bisa tabarmarsa ba ya tashi, na san abin da zan zaɓa.

Sau biyu Dikko ya bi motar shanu zuwa Jos da sunan ciniki. Bai faɗa mini ba, amma na san kai ya je nema, don ya dawo ba riba ba labari.

Makon jiya abokan sana'arsa suka zo duba shi. Ɗaya daga cikinsu, don ya kwantar masa da hankali, ya ce ya bar damuwa da maganar Garba, ai ranar da aka ajiye mutum gaban liman kowa yafe masa yake yi. Da suka tafi ya kira ni, ya riƙe mini hannu ya ce, "Kulu, yahiyar da a ka yi ma gawa ba ita ni ka so ba, wagga kowa na samu. Ni so ni kai shi dube ni ina da rai. In zagina zai yi, shi zo shi zage ni ina ji."

To ka ji, Yaya. Ban ce ka zo ka ce babu komai ba, akwai komai. Ban ce dattawan zauren Kawu sun yi daidai ba, kuma duk sun mutu, babu mai tilasta maka ba da hannu wannan karon. Ka zo ka faɗa masa abin da ya yi maka, da bakinka, yadda ba a bar ka ka faɗa ba a wancan zaman. Abin da za ka yi bayan nan tsakaninka ne da Allah. Mun bar cikin gari, muna unguwar Gidan Igwai yanzu, duk mai nama da ka tambaya zai nuna maka gidan. Kada ka tsaya jiran hutun makaranta, ba na jin zai kai.

Allah ya jiƙan Baba, ya saka masa da 'yancin da babu mai taɓa shi. Allah ya jiƙan Inna da Kawu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya sassauta wa Dikko, ya ara masa kwana har ka iso. Kai kuma Allah ya sanyaya zuciyarka, ya sa takardar nan ta faɗa hannunka da sauran lokaci. Amin.

In ka iso ka tarar da tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune, ka shigo duk da haka. Ni ina nan, kuma ba ni da wani wa sai kai.

Ƙanwarka,
Kulu