Wa Ya Koya Maka Riƙe Tsinken Taliya?

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata. Ina gaishe ka gaisuwar mai ƙaunarka, amma ka sani yau ƙaunar tawa da yaji ta zo, sai ka daure ka haɗiye.

Ka tuna ranar da muka fara shiga gidan taliyar 'yan Asiyan nan da ke bayan shagonka? Teburin ƙarƙashin fanka muka zauna, mai gajeriyar ƙafar nan da ka tokare da ninkakken kwali. Tsohon mai gidan yana can cikin tururi yana jan kwaɓin fulawa, yana lilo da shi yana ninkawa har ya koma zare-zare. Matarsa ta dire mana kwano biyu, romo na ƙamshi, ta ajiye wa kowa tsinke biyu irin waɗanda suke cin abinci da su. Wayyo, ranar na ga abin dariya! Kai da kake kwance wayar mutane ka mayar da ƙusar da ido da ƙyar yake ganinta, sai ga taliya ta gagare ka. Ka kamo, ta sulɓe, ta fesa maka romo a gaban riga, ni kuwa har na ƙware don dariya. Tsohuwar ta tausaya mana ta kawo cokula masu yatsu. A nan ka ce mu biyu 'yan cokali ne har tsufa, in ma za mu koyi tsinken, tare za mu koya. Na ɗauki maganar nan na adana ta a inda nake adana maganar aurenmu.

To, ran Asabar muka koma, karo na farko tun da na tare a asibiti jinyar Inna. Tsohuwar ba ta tambaye ka abin da za ka ci ba. Da ganinka ta juya ta kira wa mijinta wani abu da yarensu, ta kawo maka naka da man barkono a gefe, kai da na sani ko ƙamshin barkono sa ka atishawa yake yi. Sannan ta ajiye tsinke biyu a gabanka, biyu a gabana, hannunta na aiki idonta na wani wuri. Da ta ɗago ta ga fuskata, sai ta yi turus. A hankali ta janye nawa tsinken, ta sa mini cokali, ta wuce ba ta ƙara kallona ba.

Masoyina, wa ta zaci za ta gani a kujerata? Wace ce wannan da ta saba zama a gabanka, wadda ba a kawo mata cokali? Kai kuma ka ɗauki tsinke ka naɗo taliya ka kai baki, ko ɗigo bai zuba ba, kana ta ba ni labarin tsadar kayan gyara. Ni fa na ga yadda ake koyar da abin nan. Sai an kama hannun mutum, an gyara masa babban yatsa, an ɗora tafi a kan tafi. Hannun wa ya hau naka lokacin da nawa yake wanke wa Inna kwanon magani? Wallahi kishi nake yi, ba zan ɓoye ba! Ina kishin kujerar, ina kishin barkonon, har tsinken nan da ya sami yatsunka ina jin haushinsa. Yayata ta ce wataƙila abokinka ne, ko ƙanwarka. Na ce in haka ne, me ya sa tsohuwa ta ji kunya?

Ya kai tauraron asubata, ban rubuto don in kore ka ba. Da zan iya, da tuni na yi, na huta da wannan wuta da ke cin ƙirjina. Gaskiya kawai nake roƙo, ko da ta fi man barkonon nan zafi.

Gobe bayan la'asar zan je in zauna a teburinmu. Zan sa a kawo kwano biyu, in kuma mayar wa tsohuwa cokalinta. Ka zo ka ɗora hannunka a kan nawa ka koya mini, kana yi kana gaya mini wanda ya koya maka. In ba ka zo ba, ina nan zaune har taliyar ta huce a gabana, a kwashe, in tashi da yunwata.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba ta taɓa zama a teburin nan da kowa ba sai kai, kuma ba za ta zauna ba.