Hagu Kaɗan

Mayo Dumsi, ranar kasuwa

Zuwa ga Hamajoda, a Garwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma kumburin ƙafar nan ya sauka. Mu nan sai godiya, in ban da matata Dudu da ke kwance tun farkon damina.

Ka san ban iya rubutu ba. Mai rubutun kasuwa ne ke riƙe da alƙalami. Ya ce in tausasa harshe, na ce ya sa yadda na faɗa.

Shekara da shekaru ina aiko maka da tambaya ɗaya, kai kuma kana aiko mini da shayi da sukari. Shayi na tambaye ka?

Tare muka tsufa a aikin tsaron namun dawa, ka san yadda nake saita madubin bindiga. In kwanta a filin harbi na bayan bariki, in ɗora ta kan buhun yashi, in harbi allo, in murɗa, in sake, har harsasai su taru wuri guda kamar an dangwala da yatsa. Sannan in ɗiga kakin zuma a kan murfin wurin murɗawa, don in an taɓa in gane. Kuna dariya, wai Garga yana yi wa amaryarsa lalle.

Haka na yi mata jajibirin ranar da aka tura mu kan ɓaunar nan mai rauni da ta hana mata zuwa rafi. Na kai bindigar ma'aji, mabuɗi yana wuyanka. Da safe muka shiga ciyawa, ɗana Njidda yana gaba yana bin sawu. Na aza gicciyen madubi daidai kan zuciyar ɓaunar. Harsashi ya kauce dama, ya faɗa tumbi, ta taso kan Njidda. Sauran ka gani da idonka, kai ka taya ni naɗe yaron a bargo.

Sai da na zo goge bindigar na ga kakin a fashe.

Na faɗa, aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, idon Garga ne ya mutu. Har yau in na wuce rumfar mahauta sai wani ya ɗaga murya, "Hagu kaɗan, Baba!" su kwashe da dariya.

Ka gaida yara. Ina jira.

Abokinka,
Garga


Mayo Dumsi

Hamajoda,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya. Shayin ya iso. Na bai wa mai rubutu.

Makon jiya na taka har bariki, na tarar sababbin masu tsaro suna koyon saiti. Na roƙi shugabansu ya bar ni in harba, don a gani, a je a gaya wa Dudu. Ya ce, "Kaka, wannan fa ba sandar kiwo ba ce." Na ce, "Ina harbi ubanka yana yawo ba wando." Ya miƙo mini.

Na kwanta. Gicciyen ya yi ta rawa, allon ya koma kamar hayaƙi. Na harba, ƙasa ta tashi can kan tudu. Na murɗa, na sake. Ko ɗaya bai taɓa allon ba. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini. Su suka kama ni na miƙe.

To, yanzu idon ya mutu da gaske. Amma a wancan lokacin da ransa, kuma ba wanda ya rage da ya san haka sai kai.

Tun ranar da muka rasa Njidda, Dudu ba ta ƙara miƙo mini tuwo hannu da hannu ba, a bakin ƙofa take ajiyewa. Yanzu kunu kaɗai ke wuce mata, in ni na kawo sai ta juya fuska bango. A asibiti sun ce a mai da ita gida. Ka san abin da hakan ke nufi.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina kewayewa. Kai bahago ne, duk bindigar da ta shiga hannunka sai ka murɗa ta ta dace da idonka. Kuma da yammacin ranar da na kai ta ma'aji an ci naman gada a gidanka. Ka aiko mana da cinya. Dudu ta dafa da yakuwa, Njidda har ƙari ya yi, yana cewa Allah ya bar mana Baffa Hamajoda.

Ba ƙara zan kai ka ba, wa zai saurari tsoho? Abin da nake so, ka hau motar ranar kasuwa, ka tsaya a bakin ƙofarta, ka faɗa da bakinka tun tana ji. Ba na so ta tafi tana ganin ni na kashe mata ɗa.

In ba kai ba ne, faɗi wanda ka ba mabuɗin. Kada ka sake aiko da shayi.

Wa ya fasa kakin, Hamajoda? Ka amsa mini.

Ni ne,
Garga