Tagar Asibitin Ait Warzan

Daga: Assu ɗan Hammu, mai alfadari, ƙauyen Ait Warzan
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Lafiya na Lardi
Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Game da: Tambayar baƙi mata ciwonsu ta taga a ƙaramin asibitinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Aikina ɗaukar jakunkunan baƙi masu hawan dutse, a masaukin Alhaji Mbarek.

1. Ranar Laraba, 17 ga Afrilu, ranar kasuwa, na sauko da wata baƙuwa a kan alfadarina. Ba zan rubuta sunanta ba, yawon da ya yi a gari ya isa. Fitsari na yi mata zafi, ga zazzaɓi, bayan ta haɗu da wani saurayi a wani gari na bakin teku. Malamin asibiti bai buɗe ƙofa ba. Ta taga ya leƙo, ya ce in fassara, ga layin mutane a bayanmu.

2. Ya tambaye ta yaushe ta kwana da namiji, da kwaroron roba ko babu, mutum nawa. Duk ta bakina maganar ta bi, da ɗan Turancin da na tsinta a hanya. Na sassauta murya, ya ce in ɗaga, shi ba ya jin raɗa. Ita takalmanta kawai take kallo.

3. Tun ranar gari ya yanke cewa ni ne saurayin. Mai gidan wanka ya ce in dawo in na warke. Samari na kirana angon Turawa. Mahaifiyata ta ware mini kofin shayina daban. Alhaji Mbarek ya ce in na sake kai baƙuwa tagar nan in nemi aiki a wani masaukin, alhali babu wani a kwarinmu.

4. Jiya Lahadi wata baƙuwar kuma ta iso, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta gaya wa mai dafa mana abinci cewa ranar Asabar roba ta tsage mata da wani wanda ko cikakken sunansa ba ta sani ba. Ta ce akwai maganin kariya daga ƙanjamau, amma sai an fara sha cikin kwana uku. Gobe ya cika. Labarin tagar ya riga ya kai mata, ta ce ba za ta tsaya wurin ba. In na tilasta mata, na rasa aikina, ta rasa mutuncinta. In na bar ta, ban san da wane ido zan ɗora jakarta a kan alfadarina ba.

Saboda haka ina roƙo da ladabi a sa mace ta duba ta yau, a ɗaki mai ƙofa, ba tare da ni ba. Ina kuma roƙo a umarci asibitinmu ya riƙa shigar da mata ciki. Ba na neman a kori kowa.

Da hannuna na kawo takardar nan. Alhaji ya ɗauka ƙusar kofaton alfadari na zo saye. Yarinyar tana kan bencin ƙofar ofishinku, ita ce mai jaka a cinya. Motar kwarinmu ta ƙarshe tana tashi bayan la'asar.

Allah ya ƙara girma. Naka mai biyayya,

Assu ɗan Hammu