Kuɗin Kaka da Inna ta goge

Sabha, unguwar Gurda, Laraba

Aikin farko: kai ƙullin Inna shagon Hajj Barka kafin a buɗe wurin gini.

Zuwa ga Yaya Assoumane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma ba Inna sauƙin idonta. Layin da ka gani a sama daga littafina ne, ciki na yago takardar don ban sami wata ba. Mu nan lafiya. Ina nan a siton siminti, mudir, wato shugaban wurin, bai canza ni ba. Mai ɗakina Roukaya ta tashi daga zazzaɓin da ta yi, ta koma sayar da ƙosai a ƙofar gida.

Daouda direba ya kawo mini tsofaffin kuɗin Kaka, tare da saƙonka cewa in sayar a haɗa na aikin idon Inna kafin damina. Da na kwance ƙullin sai na gan su suna walƙiya kamar sabon kwano. Daouda ya ce Inna ce da kanta ta zauna da toka da tsamiya tana gogewa da lalube, ta hana mai ɗakinka Talatou taya ta, wai kada ɗanta ya ji kunya gaban Larabawa da kuɗi masu dauɗa. Ni ma a lokacin daɗi na ji.

Hajj Barka maƙerin azurfa ne, ya daɗe yana fatauci zuwa Agadas, yana jin Hausar kasuwa, kuma yana saya wa masu tara tsohon kuɗi na Tarabulus. Ya shimfiɗa su bisa baƙin ƙyalle, rediyonsa na ta bayanin cewa Afirka za ta koma kuɗi ɗaya. Ya fara ware manyan liyaran nan masu kan mace. Na nuna masa shekarar da ke jiki, 1780, ina ganin karatun koleji ya yi rana. Ya ce dukansu shekarar ke nan, an yi ta buga su zamani bayan zamani ba a canza ta ba, sun cika hamada, nauyin azurfarsu kawai ake biya. Ya ce masu sani ba sa duba walƙiya. Gefe suke dubawa, su saurari ƙara, sannan su nemi baƙin da ya kwanta cikin rubutu, wanda shekaru ke sa wa kuɗi, hannu ba ya iya sa shi.

Sai ya ɗauki ƙaramar nan da ba a huda ba, wadda muke cewa ba ta da amfani. Ya daɗe a kanta da gilashi. Ya ce bugun Tarabulus ce ta zamanin Turkawa, irinta ba ta cika zuwa ba, kuma da ta zo da baƙinta da ita kaɗai ta biya idanu biyun. Yanzu toka ta kankare fuskarta, rubutun ya kwanta, mai saye zai ɗauka irin ta jabu ce da ake tallata wa baƙi. Ya tambaye ni wane maƙiyi ne ya yi mata haka. 

Na yi tunanin ko dabarar ciniki ce, ka san ni da kokwanto. Na kai ta wurin wani maƙeri a unguwar Abdulkafi, shi ko kallonta bai yi ba, kan sikeli ya jefa ta. Hajj Barka kuwa miƙo mini ita ya yi, ya ce in mai da ta gida. Ina ganin mai cuta ba ya mai da abu, amma ban tabbata ba. Na koma aiki, na fitar da siminti, na ci abinci. Ina ta jira in ji wani abu a raina, har yanzu shiru. Karin maganar nan ta neman gira ce kawai ta faɗo mini, na kuma ji kunyar ta faɗo.

Liyaran na sayar a kan nauyi, za a narka su a yi awarwaro. Abin da aka samu zai isa ido ɗaya. Ka tambayi likita wanne ya fi saurin gyaruwa, ni dai ina ganin na dama. Ƙaramar za ta dawo hannun Daouda. Inna za ta tambaye ka abin da Balaraben ya ce. Ka gaya mata ya ce tun da yake sana'a ba a taɓa kawo masa kuɗi masu tsabta irin waɗannan ba. Ya faɗa, da kunnena na ji. Kada ka ƙara komai a kai, don Allah.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da Talatou, da Gwaggo Asmaou, da yara duka. Roukaya na gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Soumaïla

Na gobe:
Kai wa Daouda saƙo kafin motarsa ta tashi.
Sabunta bataƙa, katin izinin aiki.
Tambayar mudir ko zai ba ni gadin Juma'a.
Idon hagu, ban sani ba tukuna.